Daga dokin sarki zuwa resin lanho: wa ke ciyar da makaɗa a ƙasar Azarori?



Kwanan baya muna zaune a wata rumfa a kasuwar Madawa, sai wani ɗan kasuwa mai lodin albasa zuwa Abijan ya jefo mini tambaya. Wai ya ji a Faransa in mutum ya ba ƙungiyar makaɗa ko gidan tarihi kuɗi, gwamnati na rage masa lanho. "To mu nan fa, Malam? Ni duk shekara sai na yi wa makaɗa kyauta, amma ko dala ba a taɓa rage mini ba." Aka yi dariya aka watse. Ni kuwa maganar ta zauna mini a rai, don in aka bi tarihi, haraji da kiɗa sun daɗe suna cin tuwo akushi ɗaya a ƙasar nan.

Mu fara daga gida. Azarori mazaunin Abzinawa Kel Geres ne, waɗanda suka gangaro daga Abzin a ƙarni na 18 suka zauna tsakanin Adar da Gobir, suna cuɗanya da Hausawa manoma. A wancan zamani mai fasaha yana jingine ne da gidan wani babba. Maƙeran Abzinawa, da ake ce wa inadan, su ke ƙera takobi da sirdin raƙumi da kayan azurfa, matansu na aikin fata, kuma su ne 'yan aike da masu raya biki. Kowane gidan maƙera yana da gidan da yake bi, inda ake ba shi hatsi da dabba da sutura. A fadodin Gobir da Adar ma haka: masu tambari da kakaki da algaita, sarki ke ci da su, ya ba su riga, wani lokaci har doki. Wanda ya san yadda Narambaɗa ya zauna a fadar Sarkin Gobir na Isa ya san irin zaman da nake nufi.

To, dokin nan daga ina ya fito? Daga talakawa mana. Daga damman hatsin da ake tarawa da kaka, da jangali, da kuɗin gari, da gaisuwa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma ya ambaci jangali da kuɗin gari a Kitabul Farƙi, cikin abubuwan da ya soki sarakunan Hausa a kansu. Ke nan talaka ke biya, sarki ke zaɓen makaɗin da zai ci. Shi ya sa bakin makaɗin fada yake inda ubangidansa yake.

Talaka ma yana da tasa hanya. Ranar gayya makaɗan noma na bin bayan samari, da kaka kuma su zagaya a ba su dame. Manomin da Allah ya ba dame dubu yakan yi bikin dubu, ya rabar da dukiya gaban jama'a, maroƙa su kwashi rabonsu, shi kuma ya tashi da sunan sarkin noma. Ribar mai kyauta a lokacin suna ce, kuma makaɗi ne ke kai sunan gari gari.

A 1901 sojojin Faransa suka gwabza da Kel Geres a Zangebe da Galma, nan kusa da mu, ƙasa ta koma hannun Nasara. Suka ɗora kuɗin kai, wanda tsofaffi ke kira bodo, daga baya aka ce sai da tsabar kuɗi za a biya shi. Ga kuma aikin dole, wanda ba a soke ba sai 1946. Sarki ya zama mai tara wa kumandan haraji, ana yanka masa ɗan kaso daga abin da ya tara. Da wannan kaso da abin da ya saura na gaisuwa ya ci gaba da riƙe makaɗansa, amma babban tulin kuɗin ya bar fada. Neman kuɗin bodo yana cikin abin da ya tura samarin Adar cin rani zuwa Najeriya da bakin teku. Da wasu suka dawo da abin hannu, sai makaɗa suka samu sabbin iyayen gida, wato fatake da alhazai da masu motoci.

Bayan 'yancin kai a 1960, gwamnati ce ta hau kujerar sarki. Gidan tarihi na Yamai, wanda yau ke ɗauke da sunan Bubu Hama, an buɗe shi tun 1959, aka ba maƙera da dukawa da masaƙa wurin aiki a cikinsa. Da Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974, kuɗin uraniyom suka shigo, aka sauƙaƙa wa talaka jangali da kuɗin kai, aka kuma farfaɗo da samariya. A 1975 aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya zo na ɗaya. A 1976 aka fara bikin matasa na ƙasa a Damagaram, inda kowace jiha ke kawo waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. A 1987 aka soma gasar Ɗan Gurmu, da sunan shahararren mawaƙin nan na Tawa, sannan a 1989 aka buɗe cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai. Duk wanda ya yi samartaka a shekarun nan ya tuna yadda ake zaɓen 'yan wasa tun daga ƙauye har zuwa Buza da Keita da Madawa, kafin a wuce Tawa. Sai dai fa dokar fada ba ta canza ba: mai ba da abinci shi ke zaɓen waƙa, kuma yawancin waƙoƙin na yabon mulki ne da kiran jama'a aiki.

Daga nan uraniyom ya faɗi, bashi ya yi yawa, aka shiga tsuke bakin aljihu. Bayan taron ƙasa na 1991 samariya ta yi sanyi, a Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. Gwamnati ta janye hannu, ba a kuwa kafa wani abu da zai cike gurbin ba. An dai buɗe ofishin kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, a 1995, amma tsohon da ke kiɗa a ƙauyen Azarori, wanda ba a sa waƙarsa a rediyo, me zai samu can? Abin da ya rage masa shi ne liƙi a biki da 'yan siyasa lokacin kamfe. A 2013 hukumar UNESCO ta sa anzad, gogen nan na matan Abzinawa, cikin kayan gadon duniya, da sunan Nijar da Mali da Aljeriya. Don Allah ku duba cikin danginku: mata nawa suka rage da suka iya shi, kuma yara nawa ke koyo?

Yanzu mu koma kan tambayar Alhajin albasa. Abin da ya ji gaskiya ne. A Amurka tun 1917 doka ta yarda a cire kyautar da aka ba ƙungiyoyin taimako daga kuɗin da za a yi wa haraji. A Ingila akwai tsarin Gift Aid tun 1990: mai biyan haraji ya ba ƙungiya fam 100, gwamnati ta ƙara mata fam 25 daga harajin da ya riga ya biya. A Faransa dokar 2003 ce ta faɗaɗa abin. Yau mutum ya ba da yuro 100, a rage masa 66 daga harajinsa, ke nan 34 kaɗai suka fita aljihunsa, muddin kyautar ba ta wuce kashi 20 cikin ɗari na samunsa ba. Kamfani kuma kashi 60 ake rage masa, shi ma da iyakarsa.

Ku lura da kyau, nan ma kuɗin jama'a ne ke ciyar da mai fasaha, don abin da gwamnati ta yafe daga baitulmali ya fita. Abin da ya sauya shi ne mai zaɓe: ba sarki ba, ba minista ba, mai kyautar da kansa. Tsarin ma yana da nasa ciwo, tunda mai kuɗi da yawa shi ya fi cin moriya. Da cocin Notre-Dame na Paris ya ƙone a Afrilun 2019, attajirai suka yi alkawarin miliyoyi, mutane suka yi ca, suna cewa ai da kuɗin talaka za a yi musu suna. Har iyalan Pinault, da suka yi alkawarin yuro miliyan 100, suka fito suka ce ba za su nemi ragin ba.

To mu fa? Gaskiyar magana, yawancinmu ba mu cikin wannan lissafi. Manomi kuɗin kai na komin yake biya, ƙaramin ɗan kasuwa kuma lanhon dunƙule ake yanka masa, ba a bin abin da ya kashe ɗaya bayan ɗaya, balle a cire masa kyauta. Wanda abin ya shafa shi ne mai lambar NIF da ke riƙe littafin shiga da fita, ana yi masa haraji a kan riba, kashi 30 cikin ɗari a dokar haraji ta 2012. Irin wannan, in ya ɗauki nauyin wasa da miliyan ɗaya, aka sa sunan kantinsa a fili, ofishin lanho kuma ya karɓi kuɗin a matsayin na talla, harajinsa zai ragu da jika 300. Amma fa sai da takarda: yarjejeniya a rubuce, resi mai hatimi, da kuɗin da suka bi ta banki. Kuma tun kafin ya ba da, ya je ofishin lanho ya ji abin da dokar bana ta yarda da shi da iyakarsa, don dokar kuɗi na sauyawa shekara shekara. Kuɗin da aka liƙa a goshi ba su da resi. Zakka kuwa maganarta daban, tana da mutanenta takwas da aka ƙayyade, kada a haɗa ta da wannan.

Saboda haka aikin farko namu ne. Makaɗa da maƙera da masu saƙar tabarma su haɗu su kafa ƙungiya mai rajista, kamar yadda dokar ƙungiyoyi ta 1984 ta tanada, da asusun banki da ma'aji da littafi. Da haka ɗan kasuwa zai samu inda zai ba da ya karɓi resi, 'yan cin rani a Abijan da Libiya su ma su san inda gudummawarsu ta shiga. Na biyu, komin ɗinmu, da aka kafa a 2002, da kuɗin kanmu da na kasuwa take aiki. Wanda ya biya yana da bakin tambaya: nawa aka ware wa al'adu a kasafin bana, kuma wa ya karɓa? Ko kuɗin koya wa 'yan mata biyar anzad ne, a rubuta shi a gani.

Makaɗin da mutum ɗaya ke ci da shi, waƙar mutum ɗaya zai yi. Wanda mutum ɗari suka tara wa jika jika, yana iya faɗa wa kowa gaskiya ya kwana lafiya.

Wanda ya san wata tsohuwa mai anzad, ko tsohon makaɗin noma da ya rage a Azarori ko Galma ko Buza ko Keita, ya sanar da mu garin da yake, mu je mu gaishe shi tun yana da rai. Allah ya sa mu dace.