Daga Jagaba Zuwa Na'urar GPS: Yadda Muke Gane Hanya Tun Zamanin Kakanni



Da muka tashi shirin bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, shugabanni suka ce mu ma'aikatan ofis mu kwashe tsofaffin takardu mu ga abin da za a nuna wa baƙi. A ƙarƙashin littattafan rasit muka tarar da wata 'yar na'ura, ba ta fi tafin hannu ba, da robarta ta manna wa a gilashin mota. Ta daɗe da mutuwa. Samari suka yi ta dariya, suna cewa wayar kowannensu ta fi ta aiki. Wani dattijon direba kuwa ya karɓe ta ya jujjuya, ya ce ranar da ya fara ganin irinta ya yi zaton ƙarshen tambayar hanya ya zo. Maganarsa ce ta sa muka zaɓi mu rubuta tarihin yadda mutanenmu suke gane hanya, domin duk cinikinmu a kan hanya yake.

Zamanin madugu

Sunan unguwanninmu ma sunan hanya ne. Zango shi ne inda ayari yake sauka ya kwana, ya huta da dabbobinsa, gari ya waye ya ɗaura kaya. Kakanninmu sun riƙa tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja neman goro. Sukan ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Ilo, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, su biyo ta Sansanin Mango ko Yandi, su sauka Salaga. Suna kawo kanwa da rinannun tufafi da kayan fata da dabbobi, su koma da huhunan goro a kan jakuna. Ba za mu ɓoye ba, a cikin abin da ake ciniki a Salaga har da bayi, Allah Ya yafe wa magabata. Zuwa da dawowa kan ci rabin shekara, wani lokaci shekara guda. Baturen Ingila Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama a 1826, yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun haura dubu.

Mutum dubu ba sa tafiya da ka. Madugu shi ne shugaba. Jagaba yana gaba, shi ke duba mashigin kogi da wurin sauka, ya jiyo ko akwai 'yan fashi. Akwai uban dawaki mai taimaka wa madugu wajen tara kuɗin da za a biya sarakunan hanya, akwai kuma malamin ayari mai rubutu da addu'a. Taswirarsu tana cikin kansu. Sanin arewa da kudu kaɗan ne daga cikin abin da suka sani. Madugu ya san rijiyar da ke ƙafewa da bazara, ya san sarkin da ya rasu da halin wanda ya gaje shi, ya san kwana nawa goro zai jure kafin a kwance shi a yayyafa masa ruwa a sake ganye. A kowane babban gari kuma akwai maigida mai saukar da fatake, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da dillali, ya tsaya musu idan bashi ya shiga.

Yadda hanya ta kawo mu bakin teku

A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, ikon Asante a kan Salaga ya yi rauni, cinikin goro ya fara komawa Kintampo da Atebubu. A 1892 yaƙin basasa ya tashi a Salaga, fatake suka watse. Wasu suka nufi Kete Karachi, cikinsu har da Malam Alhaji Umaru, Bakano, wanda ya zauna can har rasuwarsa a 1934. Wasu suka gangaro Ankara, babban birnin Gana na yau, inda dama akwai 'yan uwa. Tun wajen 1881 Malam Idrisu Naino ya sami fili a hannun sarakunan Ga, aka kafa Zangon Malam, wurin da ake kira Zongo Lane yanzu. Da wurin ya cika, ɗansa Malam Baƙo ya fita da jama'arsa ya kafa Sabon Zango wajen 1912. A farkon shekarun 1930 Malam Futa, mai cinikin shanu, ya sauka a Nima, daga baya Mamobi ta biyo.

Teku ma ta zama hanyar goro. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka gane cewa ɗora goro a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko ya fi jan jakuna ta Bargu. Da jirgin ƙasa ya fara aiki tsakanin Ikko da Kano a 1912, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki, manyan ayarori suka fara ja da baya.

Zamanin lori

Daga nan sai lori ta karɓi aikin jaki, direba ya gaji jagaba. Yaron mota yakan yi shekaru a bayan lori yana sa wejin taya, yana haddace kwana da gangare da gada, kafin maigidansa ya miƙa masa sitiyari. Babbar hanyar arewa a lokacin ita ce ta Kumasi, Mampong, Ejura, Atebubu, a ƙetare kogi a Yeji, a bi ta Salaga zuwa Tamale. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, tafkin Volta ya cinye tsohuwar Kete Karachi, mashigin Yeji ya zama faffadan ruwa, manyan motoci suka koma bin Techiman, Kintampo da Buipe.

Hukuma ma ta sha sauya mana hanya. A 1969 gwamnatin Busia ta fitar da dokar korar baƙi marasa takarda, gidaje da yawa a zangunanmu suka wayi gari babu masu su. A 1983 Najeriya ta yi irin nata. A tsakani an kafa ECOWAS a 1975, aka sa hannu a yarjejeniyar zirga-zirga ba biza a 1979, wadda a kanta yawancinmu muke cin abinci. Ko hannun tuƙi an sauya: Najeriya ta koma dama a 1972, Gana ta bi a watan Agustan 1974. Duk waɗannan sauye-sauye, a tasha da masallaci da bakin shago direbobi suke jin labarinsu. Matambayi ba ya ɓata.

Zuwan 'yar na'ura

Sojojin Amurka ne suka ƙirƙiro GPS. Sun harba tauraron ɗan Adam na farko na wannan tsari a 1978, tsarin ya kammala a 1995 da taurari 24 masu kewaya duniya a nisan kilomita kusan 20,200. Da farko da gangan ake gurɓata saƙon da farar hula ke samu, har na'ura ta iya kuskure da mita ɗari. A watan Mayun 2000 Shugaba Clinton ya sa aka daina, kuskuren ya ragu zuwa 'yan mitoci. Bayan haka ne kamfanoni irin su Garmin da TomTom suka cika kasuwa da ƙananan na'urorin mota, farashi ya yi ta sauka. Da Turawa suka koma amfani da waya, tsofaffin na'urorinsu suka biyo kwantena tare da sauran kayan gwanjo. Abin sha'awa, Zongo Lane, inda Malam Naino ya sauki fatake, ta riga ta zama kasuwar kayan lantarki, can mutanenmu da yawa suka sayi tasu.

Ga yadda take aiki. Kowane tauraro yana aiko da lokaci da wurin da yake. Na'urar takan saurari aƙalla huɗu, ta auna daɗewar da saƙon kowanne ya yi kafin ya iso, ta lissafa inda motar take. Saurare kawai take yi, shi ya sa ba ta cin kati, ba ta neman data, tana aiki a dajin da waya ba ta da sabis. A manna ta a gilashin gaba, a jona wayarta a wurin kunna taba, shi ke nan. Amma tauraro inda kake kaɗai yake faɗa maka. Inda za ka bi, taswirar da ke cikin na'urar ce ke faɗa, ita kuwa mutum ne ya zana ta, a wata shekara, da abin da ya sani a lokacin.

A nan da yawa suka sha mamaki. Wani ya sayi tasa da murna, ya kunna a Nima, ya ga 'yar kibiya tana yawo a farin fili, saboda taswirar Jamus ce a ciki. Sai da masu gyara suka koyi loda taswirar Afirka ta Yamma a memori kafin ta yi amfani. Kuma ta yi. Wanda bai taɓa shiga Lome ko Kwatano ba ya iya fita daga gari da dare ba tare da ya tsaya tambaya cikin Faransancin da bai iya ba. Hanyar bakin teku daga Abijan zuwa Legas ta haura kilomita dubu, ta ratsa ƙasashe biyar, na'urar tana nuna maka saura nawa ka isa Aflao ko Seme, ka san ko za ka kai boda da rana.

Ta kuma yi mana tsiya. Wani ɗan uwanmu ya ɗauko kayan gwari, ya danna mata hanya mafi gajarta, ta kai shi bakin tafki daura da Yeji, ya kwana yana jiran jirgin fito, kaya suna laushi a baya. A lissafin na'urar ba ta yi ƙarya ba, tsohuwar hanyar kakanni ta bi da shi. Haka da aka rufe gadar Adomi don gyara daga 2014 zuwa ƙarshen 2015, ana fito a Senchi, tsohuwar taswira tana nan tana cewa a miƙe.

A cikin gida kuwa, lungunan Nima da Mamobi sun gagare ta. Mu kwatance muka sani: bayan masallaci, gefen babbar gota, kusa da mai waina. A 2013 gwamnati ta umarci ƙananan hukumomi su raɗa wa tituna suna. A watan Oktoban 2017 aka ƙaddamar da GhanaPostGPS, aka yanka ƙasar gida-gida, mita biyar-biyar, kowane da lambarsa. Yanzu ana tambayar lambar wajen yin katin ɗan ƙasa. Duk da haka idan baƙo ya iso kasuwar Nima ranar Laraba, waya yake bugawa a aiko yaro ya shigo da shi.

Inda muke yau

Waya ta kashe kasuwar 'yar na'urar, Google Maps yana aljihun kowa, har cunkoso yake nunawa. Amma ku duba 'yan shekarun nan. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Gana ta rufe nata saboda korona daga Maris 2020 har Maris 2022. A Yulin 2021 aka tashi masu albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, motoci suka yi layi da kaya a kai. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Hanyar Fada Ngurma zuwa Yamai, wadda albasar Galmi ta saba biyowa, tana nan shar a kan taswira, amma duk direban da ke da iyali ya san ba a shigarta sai an tambaya.

Abin da ke damunmu a ofis shi ne samarinmu sun fara barin tambaya. Yaro zai karɓi mota, ya kafa waya a gaba, ya kama hanyar da bai san kowa a kanta ba. Idan mota ta lalace, ko aka tsare shi a shinge, sai a kira mu da tsakar dare, mu rasa wanda za mu tura. Dattawan da suka san maigida a kowane gari kuma suna ta raguwa, kowace shekara muna zuwa jana'iza, abin da ke kansu yana tafiya da su.

Saboda haka muna roƙon abu uku a wannan biki. Na farko, kowane mamba ya kawo wa ofis lambar GhanaPostGPS ta shagonsa da ta ma'ajiyarsa, tare da kwatancen baki. Na biyu, iyayenmu direbobi da fatake su ba mu lokaci bayan La'asar, mu zauna da littafi su faɗa mu rubuta: garuruwan da ake kwana, masu masauki, makanikai masu amana, wuraren da ba a tsayawa bayan Magariba. Na uku, kada mota ta tashi zuwa ƙetare sai direba ya yi magana da wanda ya biyo hanyar a cikin makon, ya kuma sauke taswirar a wayarsa tun yana gida saboda wuraren da babu sabis.

Ita kuwa 'yar na'urar, mun goge ta mun ajiye a teburin baje kolin biki, kusa da tsohon littafin rajista. Duk wanda ya zo ya tsaya ya gani, ya nuna wa 'ya'yansa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka share mana hanya. Allah Ya tsare na kan hanya, Ya kai kowa gida lafiya da dukiyarsa, Ya ƙara haɗa kan ƙungiyarmu. Amin.

Daga ofishin magatakarda.