Gona ɗaya, ma'aunin shaida biyu

Manomin Sukuntuni da ke rigimar gona da maƙwabcinsa yakan ɗauka duk kotu ɗaya ce. Idan ya kai ƙara kotun shari'ar Musulunci a Kankiya ko Kusada, fiƙihun Malikiyya za a bi: mai da'awa ya kawo shaidu biyu adalai, in ya gaza a ba wanda ake ƙara rantsuwa. Wanda kuma ya zuba ido bare na noma gonarsa shekara goma bai ce uffan ba, hauzi ya rufe masa baki. Sashe na 256 na Dokar Shaida ta 2011 ya keɓe irin waɗannan kotuna daga ƙa'idojinta a shari'o'in da ba na laifi ba.

Babbar Kotun Jiha kuwa wani ma'auni take ɗagawa. Tun hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Adisa da Oyinwola a 2000, ƙofarta a buɗe take ga rigimar filayen karkara. A can rantsuwa ba ta yanke magana. Alƙali zai ɗora hujjojin ɓangarorin biyu a kan sikeli, kamar yadda aka tsara a shari'ar Mogaji da Odofin a 1978, wanda nasa ya rinjaya shi ke da gaskiya.

Ana yawan cewa Babbar Kotu takarda kawai ta sani. Ni dai ban yarda ba. Daga hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar fili da aka jera a shari'ar Idundun da Okumagba a 1976, tarihin baka ne na farko, sashe na 66 na Dokar Shaida ma ya halatta shi. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake son a kawo tarihin: wa ya sari dajin, ta yaya, wa ya gaje shi, ɗaya bayan ɗaya ba tare da giɓi ba. Dattijo zai nuna maka tsohuwar kuka da layin gamba, ya ce nan iyakar take tun yana yaro, kuma da gaskiyarsa. Amma in lauya bai rubuta wannan a takardar ƙara ba, ko da dattijon ya faɗa a gaban alƙali, tamkar bai faɗa ba. Ga shi bayanin nasa da Turanci aka rubuta, ya dangwala yatsa. Lauyan ɗaya ɓangaren na jefa masa tambaya ta bakin tafinta, sai harshe ya sarƙe.

'Yar takardar cinikin da mai unguwa ya sa wa hannu, wadda ake ninkewa a ajiye a ƙasan adaka, ita ma da nata rikicin. A ƙarshen 2017, a shari'ar Benjamin da Kalio, Kotun Ƙoli ta ce rashin rajista ba ya hana karɓar takardar fili. A 2019 kuma, a shari'ar Abdullahi da Adetutu, ta koma kan tsohon matsayinta. Don haka lauyoyi sukan miƙa takardar a matsayin shaidar biyan kuɗi kawai, sannan su nemo maƙwabtan gona su tabbatar wa ke nomanta.