Bakin Ruwan Kashe Gobara: Yadda Ake Sa Shi a Taswira

Gobarar Kasuwar Monday ta Maiduguri, ranar 26 ga Fabrairu 2023, ta cinye shaguna masu yawa cikin dare. A irin wannan lokaci, da zarar tankin mota ya ƙare, tambayar 'yan kwana-kwana ɗaya ce: ina ruwa? Shi ya sa nake jan hankalin 'yan'uwa na Sabo Ibadan, Agege da Ama Hausa kan OpenStreetMap, taswirar intanet da aka kafa a 2004, wadda kowa ke iya gyarawa kyauta.

Abu biyu ake sakawa, kada a haɗa su. Na farko famfon titi ne mai ba da ruwa; alamarsa emergency=fire_hydrant. Na biyu bakin bututu ne a bangon bene, babu ruwa a cikinsa: motar kashe gobara ce ke tura ruwa ta nan zuwa hawa na sama; alamarsa emergency=dry_riser_inlet.

In ka sa wa na biyu alamar na farko, to ka tura masu neman ruwa wurin busasshen bututu, wuta kuwa ba ta jira. Shawarata: je ka gani da idonka, sannan ka sa ɗigon daidai inda bakin yake.