Tambarin Fada da Kunnen Wanda Aka Ci da Yaƙi

In ka ce tambari a gaban ɗan boko, alamar kamfani zai tuna, ko hatimin da ake buga wa takarda a ofis. Dattijon Wurno kuwa ganga zai tuna, babbar gangar nan ta fada mai siffar akushi, wadda ake rufe bakinta da fatar sa, a ɗaure da tsarkiya, a rataya mata layu. Kowannensu yana da gaskiya, domin gangar ma tun asali alama ce. Ba a kai ta gidan biki, ba a kaɗa wa attajiri ita komai yawan dukiyarsa. Ta sarki ce. Shi ya sa a yaƙin da, in aka ƙwace tamburan sarki, an gama da shi ko da ya tsira da ransa.

Wata muhawara ta ƙasar Amurka ce ta dawo mini da wannan tunani. A can, jihohin kudu sun ɓalle sun yi yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865 don su ci gaba da bautar da baƙar fata. An ci su da yaƙi, amma tutarsu ba ta mutu ba. Makaɗa da dama sun riƙa baza ta a dandali, wasu har a jikin jita suka zana ta, kamar Dimebag Darrell na ƙungiyar Pantera. Hujjarsu ita ce gadon yankinsu ne. Jikokin bayi kuwa abin da suke gani a jikin jitar shi ne sarƙa da bulala. A watan Yuni na 2015 wani matashi mai taƙama da wannan tuta ya harbe baƙar fata tara a cocinsu a birnin Charleston, kuma cikin wata guda jihar da birnin yake ta sauke tutar daga harabar majalisarta. Mawaƙi Tom Petty, wanda ya yi wasa da ita a dandali a 1985, ya fito ya ce ya yi nadama.

Mu nan ba a zana wa ganga tuta, gangar ce tutar. Kuma malaman jihadi sun yi wannan gardama shekara ɗari biyu da suka wuce, da zafin da ya fi na Amurkawa.

Cikin laifuffukan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa wa sarakunan Hausa a littafinsa Kitabul Farƙi akwai shagala da kiɗe-kiɗen fada dare da rana ba tare da dalilin shari'a ba. Bai hana ganga gaba ɗaya ba. Ya yarda a buga ta don tara runduna, ko sanar da tashinta da saukarta, da makamancin haka. Abin da ya ƙi shi ne gangar da aikinta kumbura kan mai mulki. A wurin jama'ar da ta yi hijira zuwa Gudu a 1804, tambarin Alƙalawa, birnin Sarkin Gobir, muryar zalunci ce, muryar masu ƙwace dukiyar talaka da sayar da ɗiya.

Ƙanensa Malam Abdullahi ya fi shi tsauri. Wajen 1807, ganin yadda wasu mabiya suka fara kwaikwayon sarakunan da suka kayar, ransa ya ɓaci, ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Kanawa suka tsayar da shi. A nan ya rubuta musu Diya'ul Hukkam, ya karantar da su tafsiri, kuma ya ba da labari a Tazyinul Waraƙat cewa an farfasa kayan kiɗan da ya tarar, aka mayar da kwarangwal ɗin ganguna komayen zuba wa dawaki abinci. Ka kwatanta wannan a ranka: itacen da jiya in ya yi ƙara gari ke durƙusawa, yau doki ne ya cusa baki a ciki yana tauna dawa. Ba ƙaramin jawabi aka yi da wannan aiki ba, kuma duk wanda ya wuce ta bargar ya ji shi.

Sai dai tambari bai mutu a barga ba. Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, jama'ar da ta kasance mai gudun hijira ta zama mai daula. Daula kuwa tana buƙatar abin da talaka zai ji daga nesa ya san sarki ya fito. Shehu da kansa ya sassauta a rubuce-rubucensa na baya, ya nuna cewa malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, don haka kada a tsananta wa mutane. Sannu a hankali tambura da kakaki da algaita suka koma ƙofar fada, har kiɗan daren Juma'a ya zama al'ada. Katsina ce ta fi nuna abin a fili. Gajere, takobin Korau, da Gwauron Tambari, kayan sarautar Haɓe ne, amma sarakunan da suka gaje su, Dallazawa da Sulluɓawa, sun riƙe su a matsayin kayan naɗi. Abin da aka yaƙa aka gada.

A nan Wurno ta shigo labarin. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina ta ribaɗi wajen ƙarshen shekarun 1820, a kan tudu mai kallon fadamar Rima, don ta tare hanyar Gobirawan da ba su miƙa wuya ba. Ba garin hutu ba ne, sansani ne. A 1836 Bello ya gwabza da haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa a Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka kwanta dama. Gobirawan da suka tsira suka bi Sarkin Gobir Mayaƙi suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya wani reshe ya dawo ya kafa Sabon Birni. Bello ya rasu a Wurno a 1837, kabarinsa na nan ana ziyarta. Ɗansa Aliyu Babba a nan ya zauna, a nan ma Baturen Jamus Heinrich Barth ya yi makonni a 1853. Daga wannan zuriya aka sami Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba, kakan Sardauna Ahmadu Bello.

To, duk wani take da aka kaɗa wa waɗannan gidaje yana ɗauke da wannan tarihi, kuma abin alfahari ne na gaske. Ni kaina tsigar jikina na tashi in na ji kakaki da asuba ranar Salla. Amma wa ke tsaye a bakin hanya yana kallon hawan? Akwai Bagobiri mai tsagar gado a fuska, wanda kakansa na cikin waɗanda aka kora. Akwai wanda kakarsa ta zo yankin a ɗaure, aka zaunar da ita a rinji tana noma wa wani, domin ribaɗi da gonakinsa ba su ginu ba sai da ƙarfin bayi. Dokar Turawa ta 'yanta duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901, kuma ba a rufe babin bauta a doka ba sai 1936. Shekarun nan ba su da nisa. Akwai tsofaffin da suka ga waɗanda abin ya shafa da idonsu.

Na taɓa halartar wani naɗi a yankin nan. Makaɗa na cikin aikinsu, sai maroƙi ya ɗaga murya yana jero garuruwan da kakan mai sarautar ya ƙone, yana kiran mutanensu arna. Wani dattijo da ke kusa da ni, wanda na ga ya yi sallar azahar a sahun gaba, ya sunkuyar da kai, ya lalubo takalmansa a ƙarƙashin tabarma, ya fice ba tare da ya yi wa kowa sallama ba. Na bi shi waje na ce, “Baba, lafiya?” Ya ce, “Lafiya lau, ɗana. Garinmu ne na uku da ya ambata.” Kiɗan bai tsaya ba, kuɗi ma aka ci gaba da liƙa wa maroƙin.

Ba na goyon bayan a mayar da tambari komin doki. Malam Abdullahi ya yi nasa a lokacinsa da dalilinsa, amma gangar da ta yi shekara ɗari biyu shaida ce, wanda ya fasa ta ya kashe mai ba da shaida. Jamusawa ma da suka haramta nuna alamar Hitila a bainar jama'a sun bar ƙofa ga koyarwa da bincike. A ajiye tambari, a kaɗa shi ranar Salla, a gaya wa yara waye ya sassaƙa shi, da wa aka yaƙa, da abin da ya sami waɗanda aka ci. Abin da nake ƙi shi ne zambon da ake liƙa masa. Makaɗi ya san bambancin yabon jarumta da gorin asali, ya fi kowa sani, tunda sana'arsa ce auna magana. Mai sarautar da ake wa kiɗan kuma ɗaga hannu ɗaya ya ishe shi ya tsayar da baitin da zai kori baƙonsa.

Mu Sakkwatawa bai kamata wannan ya yi mana wuyar ganewa ba. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, suka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi suka kashe shi a watan Yuli, tutarsa ta koma hannun sojan mulkin mallaka ta zama ganimar nunawa. Shekara hamsin da bakwai tana can, sai a 1960 aka dawo da ita hannun Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Duk wanda ya san zafin wannan, ya san abin da dattijon nan ya ji.

Yanzu kuma lokacin bai dace da sakaci ba. Gabashin Sakkwato na cikin masifar 'yan bindiga. A watan Oktoba na 2021 an kashe mutum fiye da arba'in a kasuwar Goronyo, ƙauyukan Raba da Isa da Sabon Birni sun sha nasu. A Facebook da TikTok akwai masu tono Alƙalawa da Gawakuke suna neman mayar da ta'addancin ɓarayi gabar Hausa da Fulani, alhali an cuɗanya ta aure da maƙwabtaka har ba a iya rabewa. Bidiyon maroƙi na daƙiƙa talatin ya ishe su makami. Da can abin da aka faɗa a ƙofar fada a nan yake tsayawa, iyakarsa kunnen waɗanda suka halarta. Yau kafin makaɗi ya kwance rawaninsa, an ji shi a Tsibiri.