Janyewar Filasma a Na'urar Tokamak: Ma'anarta da Yadda Ake Auna Ta

Tokamak na'ura ce mai siffar zobe wadda ke amfani da ƙarfin maganaɗisu wajen killace iskar gas mai tsananin zafi da ake kira filasma, domin ƙwayoyin zarra su haɗe su samar da makamashi, kamar yadda yake faruwa a cikin rana. Masanan tsohuwar Tarayyar Sobiyat ne suka ƙirƙiro ta a shekarun 1950. Mafi girma ita ce ITER da ake ginawa a kudancin Faransa, inda zafin filasma zai kai digiri miliyan 150 a ma'aunin Salshiyas.

Duk ƙarfin maganaɗisu, sai wani ɓangare na zafin ya kuɓuce. Don haka ake karkatar da shi zuwa wani sashe a ƙasan na'urar mai suna daibata, wanda ke aiki tamkar magudana. An lulluɓe farantan daibatar ITER da ƙarfen tungstin, wanda ba ya narkewa sai a digiri 3,422. Duk da haka, zafin da aka tsara za su jure a kai a kai bai wuce kimanin megawat 10 a kowace murabba'in mita ba. Idan filasma ta dira kansu kai-tsaye, za su lalace.

Maganin shi ne a sa filasma ta huce kafin ta isa farantan. Ana ƙara yawan gas, ko a fesa naitirojin ko niyon, sai zafin ya watsu a matsayin haske. Idan zafin ya sauka zuwa kimanin ilektiron-bolt 5, wato kusan digiri 58,000, ƙwayoyin filasma na rasa ƙarfinsu saboda karo da ƙwayoyin gas. A kusa da ilektiron-bolt 1 kuwa, sai su koma gas. Ta haka gas ke zama shamaki tsakanin filasma da faranti. Wannan yanayi ake kira janyewar filasma.

Sai dai babu ma'auni guda da ke tabbatar da ita. Wasu masana na duban faɗuwar matsin filasma tsakanin gefen zoben da faranti. Wasu na lura da lokacin da kwararar ƙwayoyi zuwa faranti ta daina ƙaruwa ta fara raguwa, alhali ana ci gaba da ƙara gas. A 1998, Alberto Loarte da abokan aikinsa a na'urar JET da ke Ingila sun gabatar da ma'aunin matakin janyewa: a raba kwararar da lissafi ya yi hasashe da wadda aka auna a zahiri. Idan sakamakon ya haura 1 sosai, filasma ta janye.

Kowace na'urar awo da abin da take gani. Alluran Langmuir da ake dasawa a faranti na auna kwararar ƙwayoyi, amma sukan yi kuskure wajen auna zafi idan filasma ta huce sosai. Kyamarar gano zafi na nuna ɗumin faranti, bolomita na auna hasken da ya watsu, launin hasken haidirojin kuma na nuna inda filasma ke komawa gas. A na'urar DIII-D da ke San Diyego a Amurka, ana harba hasken leza cikin daibata domin auna zafin kai-tsaye.

Daidaiton awon ba ƙaramin abu ba ne. Idan janyewar ta yi kaɗan, faranti ya ƙone. Idan ta yi yawa, yankin sanyi ya hauro zuwa tsakiyar filasma, ya rage mata ƙarfi ko ya rushe ta baki ɗaya. Shi ya sa aka tsara ITER ta yi aiki da janyewa ta wani ɓangare kawai, a daidai inda zafi ya fi sauka, tare da na'urorin da za su riƙa daidaita fesa gas nan take.