Kamun kifin walleye a ƙarƙashin ƙanƙara

Walleye, mai sunan kimiyya Sander vitreus, kifi ne da ke rayuwa a tafkuna da kogunan Kanada da arewacin Amurka. Tun 1965 shi ne kifin jihar Minnesota a hukumance.

Da hunturu, idan tafkuna kamar Mille Lacs da Winnipeg suka daskare, masunta kan huda ƙanƙara su zura fatsa. Sai kaurinta ya kai aƙalla santimita 10 ake taka ta, don gudun ruftawa.

Kama shi da rana yana da wuya. Idanunsa sun fi gani cikin duhu-duhu, shi ya sa yake komawa ruwa mai zurfi idan haske ya yi yawa, ya fito farauta da asuba da almuru. Tsananin sanyi kuma yana rage masa cin abinci.