Gwanin Goge A Bukin Kogin Rayin

A ƙasar Jamus, a gaɓar babban kogin nan da a ke kira Rayin, akwai wani buki wanda aka fara wajen shekarar 1818, aka yi ta yinsa, in ban da shekarun tashin hankali, har 1958. Bukin kiɗa ne zalla. Garuruwan wurin su kan karɓe shi bi da bi, bana a Dusaldof, baɗi a Kolon, wata shekara a Aken. Makaɗa da mawaƙa masu yawa su kan taru su yi kwana biyu ko uku suna nuna gwaninta.

Kafin mu shiga labari, ya kamata mai karatu ya san abu biyu. Gogen Turawa tsirkiya huɗu gare shi, jikinsa na katako ne, a kan saƙala shi tsakanin haɓa da kafaɗa. Sa'an nan kiɗansu a rubuce ya ke bisa takarda. Mai tsara kiɗa daban, mai kaɗa shi daban. Saboda haka kome kyaun abin da mutum ya tsara, in bai sami gwanin da zai ɗauka ba, sai ya zauna cikin akwati shiru kamar ba a yi ba. Akwai wani irin kiɗa da su ke kira kwanceto, watau gwani guda ya tsaya a gaba da gogensa, bayansa ga ƙungiyar makaɗa zaune, ya yi su amsa, su yi ya amsa, shugaba yana tsaye yana bi da su.

To, shahararren mai tsara kiɗan nan Beethoven ya yi kwanceto na goge guda ɗaya tak. Aka fara kaɗa shi a Biyana ran 23 ga Disamba, 1806, a hannun wani gwani Franz Clement. An ce da ƙyar rubutun ya ƙare kafin ranar, har gwanin bai sami damar bita sosai ba. Kiɗan bai karɓu ba. Ya yi kusan shekara arba'in ba mai kula da shi sai jefi-jefi, har Beethoven ya rasu a 1827 bai ga ɗaukakarsa ba.

Wanda ya tono shi yaro ne, sunansa Joseph Joachim, Bayahude, haifaffen ƙasar Hungari a 1831. Ran 27 ga Mayu, 1844, yana da shekara 12, ya kaɗa shi a Landan, Mendelssohn yana shugabancin makaɗa. Ƙungiyar da ta shirya taron tana da doka ba ta sa yara a gaba, amma ta ɗage masa. Jama'a suka yi ta tafi. Amma dai a lokacin abin mamakin yaron ne, mutane suna kallon ƙanƙantarsa.

Sai a watan Mayu na 1853, a bukin Kogin Rayin da aka yi a Dusaldof, al'amarin ya tabbata. Joachim ya zama saurayi ɗan shekara 21. A zamanin nan yawancin gwanayen goge abin da su ke so shi ne a ga saurin yatsunsu, su kan tsara wa kansu kiɗa mai cike da dabaru don a yi musu kirari. Shi kuwa ya tsaya kyam, ba rangaji, ba ƙarin gishiri, ya kaɗa abin da Beethoven ya rubuta yadda ya rubuta shi. A ganina wannan ya fi wuya, gama mai gwaninta da wuya ya yarda ya ɓoye kansa a bayan aikin wani. Tun daga ranar nan sunansa ya game Jamus, kiɗan kuma ya zama ma'aunin da a ke gwada kowane gwanin goge da shi har yau.

Cikin masu sauraro akwai Robert Schumann, shugaban kiɗa na garin, da matarsa Clara, gwanar fiyano. Abin ya ratsa su ƙwarai, abota ta ƙullu tsakaninsu da saurayin. Da kaka ta yi, cikin 'yan makonni kaɗan, Schumann ya tsara kwanceto nasa na goge, ya ba Joachim.

A nan ne labari ya juya. A watan Fabrairu na 1854 hankalin Schumann ya gushe, ya faɗa cikin Kogin Rayin, aka tsamo shi da rai, aka kai shi gidan jiyya kusa da garin Bon, inda ya rasu a 1856. Joachim ya gwada kiɗan da makaɗansa a Hanoba, amma bai taɓa kaɗa shi gaban jama'a ba. Shi da Clara suka ɗauka cewa ciwon ya riga ya taɓa aikin, fito da shi zai rage wa mamacin daraja. Da aka zo buga ayyukan Schumann gaba ɗaya sai aka bar wannan. Bayan rasuwar Joachim a 1907, takardun suka koma babban ɗakin littattafai na Balin, da sharaɗin kada a kaɗa sai mai shi ya cika shekara 100 da rasuwa, watau 1956. Ba ƙeta ta sa su ba, ƙauna ce. Amma hukuncin mutum biyu ko uku ya hana duniya ta ji da kunnenta shekara 80 da ɗoriya.

Ba a kai 1956 ba. A 1937 aka kwance sharaɗin, aka aika wa Yehudi Menuhin da takardun, wani matashin gwani haifaffen Amurka. Ya duba, ya yaba ƙwarai, ya yi shirin zama na farkon kaɗawa. Gwamnatin Hitila ta ce faufau. Ta riga ta hana kiɗan Mendelssohn don asalinsa Bayahude ne, tana neman wani kwanceto na Bajamushe da zai maye gurbinsa, ga shi kuwa Menuhin shi ma Bayahude ne. Saboda haka aka ba wani Bajamushe, Georg Kulenkampff, ya kaɗa a Balin ran 26 ga Nuwamba, 1937, bayan an yi wa rubutun gyare-gyare da yawa. Menuhin ya jira har Disamba, ya kaɗa shi a Amurka kamar yadda Schumann ya bar shi. A watan Fabrairu na 1938 kuma Jelly d'Aranyi, jikanyar 'yar'uwar Joachim, ta kaɗa shi a Landan.